Gurbi Ɗaya, Na Uba

Shekara ashirin da shida Madam Bong Suk-hui ta yi a ɗakin karatu na jami'armu a birnin Daegu, tana mayar da sunayen marubuta daga rubutun ƙasarmu zuwa harufan boko domin kundin da ake aika wa ƙasashen waje. Teburina na jikin nata, don haka na sha wa'azi fiye da yadda na sha shayin sha'ir.

Wa'azin ɗaya ne kullum: gurbin sunan dangi guda ne, kuma na uba ne. Da aka fara yayin haɗa sunan uba da na uwa, duk littafin da ya zo da suna irin Seo-Mun ko Ha-Jin sai ta gyara zaman tabarau, ta datse na uwar kamar mai yanke farce.

"'Yan zamani ke nan," in ji ta. "Gobe jikokinsu su zo da suna takwas, sai mu gina wa kwamfuta ɗaki?"

Wata marubuciya ta taɓa bugo waya har da kuka, wai a mayar mata da sunan mahaifiyarta. Madam ta ce ta kai ƙara wurin wanda ya zana fom.

Shi kuwa uban da ake wa wannan hidima, a gidan Madam sunansa Mista Pyo. Ya tafi Busan neman aiki tun 'yarsu Da-eun tana goye, har yau dai yana nema. Madam ce ta raini yarinyar ita kaɗai.

Saura wata biyu ta yi ritaya, littafin Da-eun na farko ya zo cikin kwalin sababbi. A bangonsa an rubuta Pyo-Bong Da-eun. Yarinyar ba ta gaya mata ba.

Madam ta juya shi, ta sake juyawa, ta turo mini.

"Ke shigar da wannan. Idona na ciwo."

Ni kuwa da ma ina cike da ita.

"To, Yaya. In datse kamar kullum ko? Bong ɗin nan ai ba kowa ba ce."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Nan take na ji kunyar bakina.

"Bar shi," ta ce. Can kuma, "Nawa na datse?"

Na duba. Ɗari uku da goma sha ɗaya.

Ranar ba ta fita cin abincin rana ba. Ta buɗe na farko, ta fara mayar wa mutane iyayensu mata, ɗaya bayan ɗaya.