Inda Na Ce Muryarta Take

Jiya a Dogon Dutsi ɗiyata ta ce in kunna mata waƙar dakan kakata.

A garinmu Sukukutane rezon waya ba ya kamawa sai kan tudun bayan gari. Can nakan raka tsohuwar da hantsi, tana haki, zanenta na ƙanshin hayaƙin kara, ta aika wa ɗanta saƙon murya. Kullum takan rufe da, "A gaida masu kai saƙo."

Wata rana ta ce, "Maigida, wa ka ɗaukar maganag ga?"

Na ce, "Kaka, ba mutum ba ne, intanet ne. Anteni ke miƙa wa anteni, har wani babban inji a ƙasar waje. Abin da ya shiga ba ya ɓata."

Ta yarda da ni. Ta riƙa zuba waƙoƙin daka da sunayen kakanninmu a wayata, wai don jikoki.

Bayan rasuwarta wayar ta faɗa rijiya. Ban taɓa aika ko ɗaya daga waƙoƙin ba, kuma abin da ba a aika ba, intanet bai san da shi ba.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya kai ki inda ake jin ki ba sai kin hau tudu ba.