Masaƙin da Ya Warware Kwanakinsa

Mu da muka tashi a Sharada ba mu san agogo ba, jiniyar masaƙa muka sani. Ita ke fitar da iyayenmu da sassafe, ita ke sallamo su da yamma, da ita kuma kakarmu Inna take gane lokacin ɗora kasko. Ana idar da magariba za ta hura wuta a ƙofar gida ta fara suyar ƙosai. Ma'aikata su tsaya su saya, auduga ta maƙale musu a gashi da gira, sai ka ga saurayi ya koma kamar mai furfura. Idan ciniki ya lafa, wutar ta zama tamu. Mu matso da tabarma, mu kewaye ta, ta ba mu guntattakin ƙosan da suka fashe, ta ɗora mana da tatsuniya.

Inna ita ta haifi babanmu, kuma shi ne ɗanta na fari. Irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Uban waɗannan" take cewa, ko "mutumin can". Idan tana son gaya masa an sauke tuwo, bango take kallo ta faɗa. Mu yara dariya abin yake ba mu, ba mu san akwai ranar da kunyar nan za ta yi mata nauyi ba.

Ina firamare ranar ta zo. Inji ya kama hannun rigar wani sabon ma'aikaci, Isuhu, baƙo daga Damagaram. Baba yana kusa, ya kai hannu ya fizgo shi. Isuhu ya tsira da yagaggiyar riga, Baba kuwa ya bar yatsunsa na dama a cikin injin, babban yatsa da ƙaramin kawai suka rage. Raunin ya warke, amma mutumin bai warke ba. Ya shige ɗaki ya saki labule. Ko masallaci ya daina fita, a ciki yake salla. Daga wurin aiki aka aiko cewa ya dawo a ba shi duba yadi, aikin da ido yake so ba hannu ba, bai je ba. Liman ya zo ya yi masa nasiha a kan ƙaddara, ya ce ya gode, ya koma ya kwanta. Abin da nake jiyowa daga bayan labulen kullum ɗaya ne: "Da ban tsaya a wajen ba. Da na fita shan ruwa. Da..." Ummanmu ta rame. Inna kuwa, wadda ta fi kowa iko da shi, ba ta da bakin da za ta shiga ta ce masa ɗana tashi.

A layinmu gidan Malam Habu ne kaɗai mai talabijin, irin baƙi da fari ɗin nan. Duk mako ana nuna wani wasan Turawa da muke mutuwar so. Wasu mutane ne da wani inji da suke shiga, a murɗa wani ƙarfe, komai ya girgiza, sai ga su a zamanin kakannin kakanninsu, ko a wata gobe mai nisa. Turancin ba ma ji, kowa fassara tasa yake yi. Ran nan ana tsaka da kallo, mutanen sun shiga injin ke nan, aka ɗauke wuta. Muka yi ta jira, ba a kawo ba. Muka dawo gindin kaskon Inna muna ƙunƙuni.

"Me ya samu ƙawata take kumbura kamar ƙullin da ya kwana?" in ji Inna. Haka take kirana, ƙawata.

Na ba ta labarin injin. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, da za mu same shi, da sai mu mai da Baba ranar nan, mu hana shi zuwa aiki."

Ta ci gaba da juya ƙosai. Ƙofar gida a buɗe take, tagar ɗakin Baba kuma tana kallon inda muke zaune. Na ga ta saci kallon tagar, ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Yo wannan ne abin mamaki? Turawanku a baya suka zo. Mu tun muna yara muka san mai komawa jiya. Ga ta nan tafe, ko takalmi ba ta da shi."

"Ta shigo mu shimfiɗa mata tabarma!" muka amsa.

Wai an yi wani masaƙi, gwani, wanda saƙarsa ake nema daga garuruwa. Wata safiya ya ji ihu, maƙwabcinsa ya faɗa rijiya. Ya ruga ya jefa igiya, ya naɗe ta a hannu ya ja, ya ja, har mutumin ya fito. Amma igiyar ta cinye masa hannun, ya shanye. Masaƙi ya zauna yana kallon zarensa yana zubar da hawaye. Rannan wata tsohuwa ta zo neman ruwa, ya ba ta da hagu. Ta sha, ta ciro wata ƙoshiya, 'yar itacen nan da masaƙi ke jefawa tsakanin zare, ta ce, "Wannan baya take tafiya. Duk jifa ɗaya za ta warware maka kwana ɗaya. Sai dai ka sani, kwana ba ya tafiya shi kaɗai, da kayansa yake tafiya."

Ya jefa, jiya ta dawo. Ya sake jefawa, shekaranjiya ta dawo. Nan Inna ta fi iya labarin, har da hannu take nunawa. Ruwan da aka yi ya tashi daga gona ya koma sama. Tuwo ya fita daga ciki ya koma tukunya, ya koma gari, ya koma zangarniya. Akuya ta haɗiye 'ya'yanta. Amaryar da aka kai ɗaki ta dawo gida da baya da baya, 'yan rakiya suna mai da guɗa cikin baki. Muka yi ta dariya har da faɗuwa, ƙanena Sani yana gwada tafiya da baya har ya kusa taka wuta.

"Kai maigidana, zauna," in ji Inna, "in ka ƙone wa zai aure ni?"

Masaƙi bai tsaya ba sai da ya iso waccan safiyar. Ya duba, ga hannunsa lafiya lau, yatsu suna motsi. Ya zauna a bakin saƙarsa yana murna. Bai gama murnar ba sai ya ji ihu daga wajen rijiya. Muryar maƙwabcinsa ce, yana kiran sunansa. Ga igiya a rataye. Wannan karon ya san abin da igiyar za ta yi masa.

Inna ta tsame ƙosai, ta kife matsami a bakin kasko, ta naɗe hannu.

"To, sai me?" muka ce.

"Ni ma a nan aka ɗauke mini wuta. Ku gaya mini, ya je ko bai je ba?"

Gardama ta kaure. Sani ya ce ya toshe kunne. Wata 'yar maƙwabta ta ce ya kira wani ya ja igiyar. Inna ta ce duk gari an tafi gona, babu kowa sai shi. Ni kuwa na fara gane inda aka dosa. Sai muka ji murya daga taga, a dishe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Zai je mana. Ya bar mutum ya mutu yana ji? Ko sau nawa aka mai da shi, zai je."

Inna ba ta waiwaya ba. Ta kalli wuta ta ce, "Ƙawata, a gaya wa mutumin can, na ɗaki ba ya sa baki a tatsuniya. Mai son magana ya fito. Kuma icen nan ya ci, yana son turi."

Muka ji motsin labule. Baba ya fito, hasken wuta yana sa shi ƙifta ido. Ya tsuguna gefen mahaifiyarsa, ya sa guntun hannun nan da yake ɓoye mana ya tura icen. Inna ta ɗauki ƙosai mafi girma ta ajiye a takarda a ƙasa tsakaninsu, kamar ta manta da shi a wurin. Ta ce, "Tatsuniya ta bi hayaƙi." Na ga ta goge ido da gefen mayafi, ta ce barkono ne. Da aka kira isha Baba ya bi jama'a masallaci. Ba a daɗe ba ya koma aiki, kuma a duba yadi ya yi sauran shekarunsa. Isuhu ya zama kamar ƙaninsa, har shi Isuhun ne ya yanka ragon sunan ɗana na fari.

Yanzu ina Zawaciki da 'ya'ya da jikoki. Masaƙar ta rufe, jiniyar ta yi shiru, Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Jikokina suna kallon irin waɗannan wasanni a waya, masu launi, injunan sun fi na da ƙyalli. Nakan leƙa in ga har yanzu damuwar mutanen ciki ɗaya ce, su koma su gyara jiya. Ba na hana su kallo. Amma na daɗe ina tunanin abin da Inna ta yi a daren nan. Liman ya gaya wa Baba gaskiya, cewa abin da Allah Ya rubuta ba ya gogewa. Inna ta nuna masa wani abin kuma: ko da an goge an miƙa masa ranar sabuwa, da hannunsa zai sake zaɓar abin da ya zaɓa. Tun daga nan ya daina ganin hannun a matsayin abin da aka ƙwace masa, ya gane kyauta ya yi da shi.

Ni ma nakan kama kaina da "da na yi, da ban yi ba", kamar kowa. In ta taso, sai in tsayar da kaina a bakin rijiyar nan in tambaya, ke Rabi, kin ji ihun, za ki je ko ba za ki je ba? In amsar za ni ce, sai in ce alhamdulillahi, in tashi in tura icena.