Sale ya rasu, auren ɗansa yana hannuna

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sale, mahauci a Garuwa. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya zo.

Da farko ya rame, muka ce shawara ce. Daga nan matarsa Ladi ta kwanta, ta riga shi tafiya. Bayan kwanakin zaman makoki ya tara mu ya ce sida ce, wato ƙanjamau, kuma shi ya kawo ta gida, tun lokacin da yake bin shanu kasuwa-kasuwa yana saurayi. A gidanmu ba a kiran sunan wannan ciwo. Shi ya kira. Ya koma zama a bakin mayanka, yana kiran samari ɗaya-ɗaya: su kame kansu, wanda ya kasa ya sa kwaroron roba. Dattawa suka ce ya zubar da mutuncin zuri'a. Wasu suka daina sayen namanmu.

Da zai dawo yau, ban san ko zai yi murna ba. Magani ya samu, sai tsoro ya tafi. Roba tana kowane kanti, amma yaro ba ya saye a unguwarsu, don mai kantin ya san ubansa. Kantin wata unguwa kuma ya yi masa nisa.

Ɗansa Habu, wanda Allah ya tsare daga ciwon, yanzu ɗan moto ne, mai ɗaukar fasinja a babur, kuma ina jin labarin yawonsa. Yana neman wata yarinya a Bogo. Bisa al'ada ni zan kai goron tambaya. Na ce a fara da gwajin jini.

"Haba Baffa, dube ni fa! Na yi kama da mara lafiya?"

"Ubanka ranar aurensa ya fi ka ƙiba."

"To ai yanzu akwai ƙwaya."

"Ka tambayi yarinyar ko tana son shan ƙwaya har ƙarshen ranta?"

Ya tada moto ya tafi. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. 'Yan'uwa na ta zuwa, wai ina tozarta maraya.

Na gaji, shekaru sun ja. Sale bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne ya cire mana kunyar faɗin gaskiya a kan wannan ciwo. Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ƙafata ba za ta taka Bogo ba sai Habu ya yi gwaji.