Wayar da Aka Zura wa Ƙasimu ta Hanci

Ƙasimu mutumin Wudil ne, ɗan masunta, amma a Gyadi-Gyadi aka san shi da Adaidaita Sahunsa. Ba ya gudu, ba ya faɗa da fasinja. Iyaye mata shi suke jira ya kai musu yara makaranta.

Da ƙauri abin ya soma. Yana cikin tuƙi sai ya ji ƙaurin roba, ya sauka ya duba tayoyi, babu komai. Wata ranar ya ɗauki wata dattijuwa zuwa kasuwar Tarauni, sai farkawa ya yi ya gan su a Hotoro, tana dukan bayansa tana salati.

"Ɗan nan, ina ta kiranka, kai kuwa sai tauna baki kake yi!"

Bai tuna komai ba. Matarsa Binta ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya, abin bai bari ba. A asibiti aka manna masa wayoyi a fatar kai don ganin motsin ƙwaƙwalwa. Sakamako ya fito lafiya ƙalau. Ƙasimu ya yi murna, amma likitar, Dakta Miriam, ba ta yi ba.

"Malam Ƙasimu, waɗannan wayoyin sama-sama suke ji. Inda nake zargi yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, kusa da bayan hanci. Akwai siririyar waya da za mu bi da ita ta hanci. Ba kullum take kama abu ba, kuma ba daɗi."

Ya yarda. Aka fesa masa magani, aka zura siraran wayoyi ta ƙofofin hancin biyu har suka taɓo can saman maƙogwaro. Hawaye na zuba, aka ce ya rufe ido, kada ya motsa. Can ya ji likitar ta ja kujera kusa da kwamfuta.

Da aka zare, ta nuna masa wasu layuka masu tsini.

"Farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayarwa. Akwai magani. Amma tuƙi kam, ka ajiye shi tukuna."

Ranar ya miƙa wa ƙaninsa Ɗahiru makullin Adaidaitar. Yanzu lemo da kankana yake sayarwa a Unguwa Uku, yana shan maganinsa safe da yamma.

Tambaya ɗaya ce ta likitar bai amsa ba: ko a danginsu akwai mai irin wannan? Ya ce bai sani ba. Sai a hanyar gida ya tuna mahaifinsa, gwanin iyo, wanda aka tsamo gawarsa da hantsi a ruwan da bai kai ƙugu ba, tarunsa na hannu.