Ranar da Na Murtsuke Hancin Surukina

Jikata ke rubutawa, ni nake faɗa, don ban taɓa shiga aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Abin ya faru bayan tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo mana, shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta. A lokacin, daga ƙauyenmu har Maska, babu macen da ta kai ni ido. Tsakuwa a wake, ƙwan zabuwa a ciyawa, kafin wata ta sunkuya na ciro.

Sai ga malaman gona daga Funtua da wani tabarau mai girman akushi. Wai suna so su gane ko mutum ya fi saurin hango tsutsa a cikin tabaran, ko a hoton waya. Ta wayar na jima ina nema, har maƙwabciyata ta ce ido ya tsufa. Raina ya ɓaci. Da aka zo kan tabarau, ɗaya daga cikin malaman na bayanin cewa in na gani da baki kawai zan faɗa, na ce masa tun uwarsa na goye nake kashe tsutsa, ya ɗaura mini kawai.

Wallahi sai ga ni tsakiyar gona, wannan ganye kusa, wancan can nesa, ga tsutsar ta fito ɓaro-ɓaro a gabana. Na kai hannu na damƙe. Na ji taushi da ɗumi, na ce lallai masu wannan na'ura sun iya aiki. Na murza, ina faɗa wa jama'a shegiyar ta ƙoshi da masarar mutane.

Ashe mijin 'yata ta fari ne, wanda tun aurensu ban taɓa haɗa ido da shi ba, ya durƙusa zai ɗauke igiyar na'urar daga ƙafata. Don kunya ya daure, ni kuwa ina ta murza. Da aka zare tabarau, ga hancinsa a hannuna, yana hawaye yana mini sannu da aiki.

Tabaran ya taimaki idona, ba na musu, amma bai gaya wa hannuna cewa hoto ne ba. 'Yan'uwana tsofaffi, in yaro na bayani, ku bari ya kai ƙarshe.

Maƙwabciyar ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, ba ta daina ba da labarin ba sai da ta kwanta. Surukina yana nan da ransa. Har yau yana zuwa gaishe ni, amma daga zaure.