Lasisi Mai Saita Na'urar Tanderu

Lasisi Ogunrinde ɗan Iseyin ne a ƙasar Yarbawa, daga gidan masaƙa. Ya zo Ogijo da niyyar ya ɗan taɓa aiki a kamfanin ƙarfe ya koma gida, ga shi har furfura ta fito masa a bakin tanderu.

Aikinsa kula da na'urar auna zafi. Narkakken ƙarfe ba ya kusantuwa, don haka daga nesa take hango shi ta faɗi zafinsa. Amma ƙura da hayaƙi kan rufe mata ido, sai ta fara ƙarya. Lasisi zai kwance ta, ya goge gilashin, ya kafa ta gaban wani ɗan murhu da aka san zafinsa daidai, ya yi ta murɗawa har ta faɗi gaskiya. In aka bar ta haka, rodin ranar a ginin wani zai karye.

Duk kamfanin shi kaɗai ya iya. Duk wanda ya koya wa, da hannunsa ya faɗa sai ya gudu Legas.

Ranar da aka aiko mahaifiyarsa na kwance, har ya shiga mota a tasha, matarsa Abeke na miƙo masa ƙullin alale ta taga, sai ga wayar manaja, yana kiransa da sunan 'yarsa Tawa kamar yadda kowa ke yi.

"Baba Tawa, na'urar nan 'yar lelenka ta fara ƙarya. Rodi sai tsagewa yake."

"Oga, ina cikin mota fa. Mama ce ba lafiya."

"Yau kaɗai. Gobe ni da kaina zan kai ka tasha."

Ya sauko. Abeke ta dube shi sama da ƙasa. "Baba Tawa, in ƙarfen nan ne ya haife ka, faɗa mini in sani."

Washegari wata na'urar ta lalace, aka ce ya tsaya. Ya isa Iseyin an riga an binne tsohuwa.

Bayan sadakar rasuwar, ya ce shi ya dawo gida ke nan. Ya zauna a masaƙar mahaifinsa, ya ɗauki ƙoshiyar saƙa. Zare ya yi ta tsinkewa a hannunsa. Hasken tanderu ya sa masa yana a ido, siririn zare ba ya ganuwa.

Ƙaninsa Wasiu ya karɓi ƙoshiyar a hankali. "Egbon, yayana, bari kawai. Kada ka ɓata wa amaryar mutane zane."

Lasisi ya yi dariyar yaƙe. Ya zaga garin yana tambaya, babu mai abin da yake buƙatar saitawa. Kafin wata ya ƙare ya koma Ogijo. Abeke ta wanke masa kayan aiki.