Rijiyar Gwaggo Gienia da Hancina

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina aiki a tudun da ke bayan ƙauyenmu, Lipniki, wanda muke ce wa Ganga. Abin da na fito da shi ciwon gwiwa ne, da hancin da ba ya jin warin komai. Ku riƙe maganar hancin nan. Amma labarin ba nawa ba ne, na ƙanwar babana ne, Gwaggo Gienia.

Jamusawa ne suka haƙa Ganga lokacin babban yaƙin duniya. Wato su suka tsaya da bindiga, mutanenmu da fursunoni suka yi haƙan. Tankin mai goma sha biyu aka binne a ciki, kowanne ya fi cocinmu girma, aka rufe da ƙasa, aka dasa itatuwa a kai don kada jiragen sama su gane. Kakana, baban Gwaggo, shekara uku ya yi a ramin, ya fito da tarin da bai sake shi ba har kabari. Da yaƙi ya ƙare, abin da ya fara yi shi ne haƙa rijiya a ƙofar gidansa, a unguwar gangare, ƙetaren titi. Ya ce ya gaji da yi wa man wasu rami, yana so sau ɗaya a rayuwarsa ya yi haƙa ya tarar da ruwa. Ranar da ruwan ya fito, Gwaggo tana da shekara bakwai, ita ya miƙa wa kofin farko.

Ba ta taɓa barin gidan ba. Ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Feliks, shi ya tare a wurinta, ya kuma rasu da wuri. Shekara ashirin da shida ta yi tana wanke garewanin madara a kamfanin haɗin gwiwa na gundumarmu, har fatar hannunta ta koma kamar ta tsohon takalmi. 'Yarta ɗaya tana can Ireland tana kula da tsofaffin wasu. Abin da aka san Gwaggo da shi kokwamba ce. Duk watan Yuli sai ta jera kwalabe, ta cusa kokwamba a tsaye, da tafarnuwa da ganyen ƙamshi da saiwa mai yaji, ta zuba ruwan gishiri, ta sauke su ɗakin ƙasa su tsimu. Babu biki, babu zaman makoki a Lipniki da ba a aika mata. In ka tambaye ta sirrin, sai ta nuna maka rijiya da haɓa.

Ni kuwa a cikin Ganga na girma na tsufa. Bayan Jamusawa sojojinmu suka gaje ta, suka ci gaba da zuba mai a tankunan da aka yi don yaƙin shekara biyar. Aikina kowace safiya in zura sandar awo in ga inda mai ya tsaya. Tanki na bakwai kullum sai ya ragu da kaurin farce. Na faɗa wa wani hafsa sau ɗaya, ya ce zafi ne ke shanye shi. A cikin Ganga, inda ko a watan Agusta da rigar sanyi muke aiki. Na ce to, na sara masa. Wannan ita ce jarumtakata gaba ɗaya.

Kada ma in ɗora wa hafsa shi kaɗai. Akwai lokacin da kwatar da ke gindin tudu take kawo mai a kan ruwa, mu kuma muka ɗauke shi kyautar Allah. Da ludayi ake yaɗe shi. Fitilu sun ci, taraktoci sun yi noma da shi, babur ɗina ya yi shekara huɗu bai san ƙofar gidan mai ba. Babu wanda ya tambayi inda sauran yake gangarawa.

Da sojoji suka tattara suka tafi, aka kawo wani kamfani ya share ƙazantar. Suka haƙa ramuka ashirin da huɗu, suka sa injina suna zuƙo ruwan ƙasa, ana tace man, ana mayar da ruwan. Ni suka fara ɗauka aiki, wai na san wurin. Gaskiya ne. Na yi shekara ashirin da huɗu ina kallon man yana tsiyaya, ga shi za a biya ni in kwaso shi.

A ofishinmu akwai taswira, da jan layi da ke nuna iyakar inda man ya kai a ƙarƙashin ƙasa. Layin ya tsaya daidai bakin titi. Bututun ruwan famfo ma da aka jawo wa ƙauye a bakin titin ya tsaya, tunda taswira ta ce gidaje bakwai na gangare ruwansu lafiya lau. Bronek, abokin aikina, yakan ce man Ganga mai tarbiyya ne, ba ya tsallaka titi sai da izini.

A shekara ta goma sha biyu da zuwan kamfanin aka ce aiki ya kammala. Watan Satumba za a kashe injina, a kwance su, a loda a mota. In suka tafi, sun tafi ke nan, babu mai sake waiwayar Lipniki. Ni kuwa har na fara gyara ƙugiyoyin kamun kifina.

A watan Mayun shekarar, ran wata Lahadi bayan coci, Gwaggo ta dire mini kwalbar ruwa a kan tebur.

"Lucek, kai wa injiniyarku wannan ta auna."

"Me ya same shi?"

"Ya canja. Tun bara kokwambata take wani ɗanɗano a can ƙarshen harshe."

"Gwaggo, layin a titi ya tsaya."

"Shi ruwan an nuna masa taswirar?"

Na buɗe kwalbar, na shinshina irin na masana, na kurɓa, na jujjuya shi a baki, na haɗiye.

"Garau yake. Shekara nawa ina cikin mai? In akwai, ni zan fara ji."

"Kai? Kai da ka zauna a kan mushen ɓera kwana uku a motarka, sai da matarka ta shiga ta fito da gudu?"

"Wannan daban ne."

"Ɗauki kwalbar dai, ɗan Staszek. Ubanka ma haka yake da taurin kai, amma shi aƙalla hancinsa na aiki."

Na ɗauka. A hanya na tsaya na yi tunani. In na kai, dole a cike takarda, dole a aika birni, a jira. In aka sami wani abu, Satumba ta tashi, kifina ya sha. In ba a samu ba, Bronek zai yi shekara yana ce mini likitan kokwamba. Na juye ruwan a gindin wata bishiya. Da ta tambaye ni bayan sati biyu, na ce an auna, babu komai. Ta dube ni kamar yadda take duban garwar da aka ce mata an wanke. 

Ta je wurin shugaban ƙauye, Pan Hieronim (a wurinmu Pan kamar Malam ne, Pani kuma Malama), ya ce mata ai masana sun gama magana, kada ta ɓata wa Lipniki suna ana dab da samun mai sayen filin Ganga. Ta rubuta wasiƙa zuwa gunduma, aka amsa mata da hoton taswirar nan, jan layin ya fito raɗau. Daga nan ta yi shiru. Na ɗauka ta haƙura, wanda ya nuna ban san ƙanwar ubana ba.

Ranar rufe aiki aka yi taro da rana a zauren 'yan kwana-kwana. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, Pan Hieronim ya yi jawabi har miya ta huce. A babban tebur ga mutanen gunduma, ga shugabarmu, injiniya Pani Kornelia Sowa, mace mai kaifi wadda ba ta dariya a wurin aiki, a wajen aiki ma ban taɓa gani ba. Ni da Bronek aka ajiye mu a ƙarshen teburin, a matsayin tsofaffin ma'aikata, mun sha taye kamar za a binne mu.

A wurinmu in an ɗaga kofin giyar bodka an shanye, da kokwamba ake bi, kuma baƙo ba ya mayar da hannun wadda ta miƙo masa. Kowa ya san ta wa za a ci. Gwaggo ta fito da ɗankwalinta na coci, da kwalba biyu, ɗaya a kowace hammata.

Aka ɗaga kofin farko, don lafiyar Lipniki. Ta buɗe kwalba ta farko ta zaga da faranti. Ka ji ƙaras-ƙaras ko'ina. Wani mai tumbi daga gunduma ya lumshe ido ya ce tun rasuwar kakarsa bai ci irinta ba.

Aka ɗaga na biyu, don ruwa mai tsabta. Ta buɗe ta biyu, ta fara da Pani Kornelia.

"Bismillah, Pani injiniya. Ɗauki babbar."

Pani Kornelia ta gatsa. Ta tauna sau biyu ta tsaya. Na ga wuyanta ya motsa, ta jawo tsumman goge baki ta tofar a ciki a hankali. Mai tumbi ya kama tari. Fada ya ajiye tasa a gefen faranti yana kallonta kamar ta yi masa saɓo. Zauren ya yi tsit, in ban da ƙarar tauna daga ƙarshen tebur. Ni ne. Ina kan ta uku.

"Wallahi ta bana ta fi ta bara," na ce, don in taya gwaggota.

Bronek ya taka mini ƙafa. "Lucek, ajiye. Kananzir kake ci, jaki."

Gwaggo ba ta ko dube ni ba. Ta jera kwalaben biyu a gaban injiniya.

"Kokwamba ɗaya ce, daga kunya ɗaya, rana ɗaya na tsinke su. Gishiri ɗaya, tafarnuwa ɗaya, hannu ɗaya. Wannan da ruwan marmaron da ke bayan maƙabarta na yi ta. Wannan da ruwan rijiyata. Ni ban yi makaranta ba, Pani, ke za ki faɗa mini bambancin."

"Ina rijiyar take?"

"Ƙetaren titi. Inda man ba ya zuwa."

Pan Hieronim ya miƙe yana murmushin dole. "Pani Gienia, haba, yau ranar farin ciki ce, wataƙila kwalbar ce ba a wanke..."

"Hieronim, shekara ashirin da shida ina wanke garwa. Zauna."

Ya zauna.

Pani Kornelia ta ce, "Me ya sa ba ki kawo mana ruwan mun auna ba?"

"Na bayar a kawo. An ce mini an auna."

"Wa kika ba?"

Nan ne kawai Gwaggo ta juyo. Ba ta kira suna ba, ba ta nuna ba. Ta dai tura mini farantin. "Ƙara ɗaya, Lucek, tunda ta yi maka daɗi."

Na miƙe, da guntun kokwamba a hannu, na ce ni ne, kuma a gindin bishiya na zubar. Shi ne jawabi mafi tsawo da na taɓa yi a bainar jama'a.

Pani Kornelia ba ta yi mini faɗa a wurin ba. Ta ce in je mota in ɗauko kwalaben awo. Haka muka tsallaka titi, ita da takalmi mai tsini, ni da taye, rabin zauren na biye da mu. Da hannunta ta ɗebi ruwan, rijiya bakwai, gida gida. Ni aikina riƙe akwati. Faɗan ya zo ran Litinin, a ofis, kuma ban ga inda ta yi ƙari ba.

Sakamako ya dawo bayan kwana goma. Rijiya biyar cikin bakwai akwai mai a cikinsu. Ba a kwance injina ba, aka ma ƙaro shida a gangare. Aka sake zana jan layin, ya tsallaka titi ya bi ta tsakiyar lambun Gwaggo. Kafin sanyi ya shigo an jawo wa gidajen bakwai famfo. Mai sayen fili ya ɓace, Pan Hieronim ya yi wata shida ba ya gaishe ta. Ƙugiyoyina suka yi tsatsa a cikin gwangwani, don sai da na ƙara shekara biyar a Ganga.

Rijiyoyin kuwa doka ta ce a toshe su. Aka ba ni da Bronek aikin. Na ce a bar mini ta Gwaggo ni kaɗai. Ta fito da kujera ta zauna tana kallo ina juye tsakuwa, ina kwaɓa siminti. Sai da na kusa gamawa na iya buɗe baki.

"Kin san za a toshe ta, da kika kai kwalaben nan?"

"Na sani mana."

"Rijiyar Kaka ce fa."

"Kakanka ruwa ya haƙa wa rami, ba mai ba. Jikokin Halina na maƙwabta da shi ake dama musu madara. Gyara can gefen, ka bar rami. Ko siminti ma sai an tsaya a kanka?"

Na gyara. Kafin ya bushe ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauki ƙusa ta rubuta sunan babanta da shekarar da ya haƙa ta. Ta shiga gida ta rufe ƙofa, ban bi ta ba.

Yanzu ta haura tamanin. Ruwan famfo tana sha, tana wanki da shi, amma ta ce maganin da ake zuba masa yana kashe kokwamba, ta yi laushi kamar tsumma. Don haka duk watan Yuli nake ɗaura jarka shida a amalanke, in tura har marmaron bayan maƙabarta, in dawo da gwiwoyin nan nawa. Ba ta taɓa ce mini in yi ba, ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. In na sauke, sai ta buɗe jarkokin ɗaya bayan ɗaya ta shinshina.

Bana na ce mata, "Gwaggo, sababbi ne fil, kuma sau uku na ɗauraye su. Na shinshina da kaina."

"Shi ya sa," ta ce, ta buɗe ta gaba.